Mai Hura Kwalba na Bayan 'Yan Kanwa

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida, inda zama ya same ni tun da na ajiye aiki, sai wani mai adaidaita ya tsaya sauke fasinja, tayarsa ta hau wata koriyar kwalba da aka yar a bakin kwata, ta fashe. Ya leƙo ya yi tsaki, ya sa ƙafa ya ture fasassun cikin ruwa, ya ja abinsa ya tafi. Ni kuwa kafin in ankara har zuciyata ta gama yanke wa kwalbar hukunci: wannan irin mai saurin narkewa ce, za ta yi kyau a aikin tsakiya, wato duwatsun ado, amma kada a kuskura a haɗa ta da mai ruwan ƙasa, don ba sa zama gida ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai. Ashe ido bai manta ba. Hannu ne ya manta, da ƙirji.

A zamanin ƙuruciyarmu a Gumel kwalba dukiya ce. Mahaifiyata tana da kamar guda takwas jere a bayan gadonta, kowace da aikinta: ta man gyaɗa, ta zuma, ta man shanu, sai ta kananzir da aka ɗaura wa jan tsumma a wuya don kada a yi kuskure. Totuwar masara ake fiƙewa a toshe su da ita. In aka aike ka da kwalba, rungumarta kake yi da hannu biyu har ka dawo, don wanda ya fasa ya san abin da zai tarar a gida. Ko bayan ta fashe ba a zubarwa. Ana kankare ƙotar fartanya da ita, ana dasa ta a kan katanga saboda ɓarayi. Da yamma za ka ji ƙarar kwalabe na gogar juna a kwandon mai tallar mai tun daga nesa, kin-kirin, kin-kirin, ka san ta taho. Yanzu wannan ƙara ta ɓace daga gari. Roba ta cinye komai. A cikinta ake shan ruwa, a cikinta ake zuba turare, a sha a yar, iska ta kwashe ta rataye a ƙaya, akuya ta ci ta kumbura. Jikokina ba su taɓa jin tsoron fasa wani abu ba, kuma ban sani ba ko alheri ne wannan ko akasinsa.

Gidanmu gidan alƙalami ne. Kakana ya yi wa masu mulki rubutu, mahaifina ma a ofis ya tsufa, kuma tun ina ƙarami an san inda aka nufa da ni. Da na gama makaranta na cike takardun neman aiki, aka ce a jira. Jiran ya yi tsawo, na zama mai yawan kwana da yawan faɗa da ƙanne, sai mahaifina ya tura ni Maigatari wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata mai sayar da hatsi, in riƙa taya shi zaman rumfa. Zaman rumfa kuwa in ba Alhamis ranar kasuwa ba, zaman korar ƙuda ne. Ina nan wata rana bayan azahar na ji wani sauti daga bayan rumfunan 'yan kanwa, fuf-fuf, fuf-fuf, kamar na maƙera, amma babu bugun guduma a bayansa. Rashin bugun ne ya ɗauke ni. Na ce wane irin maƙeri ne wannan da yake zuga wuta ba ya bugu?

Na tarar da wata rumfar zana da hayaƙi ya rine. A tsakiyarta akwai murhun yumɓu mai kama da kifaffiyar tukunya, bakinsa ja wur. Wata dattijuwa tana zaune a gefe tana danna zuga-zugi, wani siririn tsoho kuma, mai guntun farin gemu da riga duk hujin tartsatsi, yana juya wani dogon bututun ƙarfe a cikin wutar. Ya zaro shi da wani abu a bakinsa mai dalala kamar maɗi, yana haske kamar rana a faɗuwa. Ya kai ɗaya bakin bututun ga leɓensa, ya hura kaɗan, sai abin ya kumbura. Ya juya, ya matse wuyan da awartaki, ya dangana gindin a kan wani faffaɗan dutse, ya ƙwanƙwasa. Ga 'yar kwalbar turare, ba ta fi babban yatsa ba. Ban san na tsuguna ba.

"Kai, mai farar riga," in ji tsohon, bai ko dube ni ba, "kallo ka zo ko aiki? In kallo ne matsa, ka tare mini iska. In aiki ne karɓi tsohuwar nan, hannunta ya gaji."

Dattijuwar ta ce, "Wa ya ce maka na gaji? Wannan ɗan lakwal ne, ɗan boko, dubi hannunsa kamar na amarya."

Na naɗe hannun riga na karɓi zuga-zugin don in nuna mata. Ban yi minti goma ba kafaɗuna suka mutu. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Washegari na dawo.

Tsohon nan Banufe ne, ya baro ƙasarsu tun yana saurayi saboda wani saɓani da 'yan'uwansa da bai taɓa warware mini ba. Baba nake ce masa, ita kuma Inna. Ita mutumiyar Damagaram ce, amma danginta na uwa suna Sule Tankarkar. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba. Kullum cikin faɗa suke, faɗan da ba ya hana ta ajiye masa mafi laushin naman da ke cikin miya. Shi kuwa mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya jefe ka da baƙar magana yanzu, an jima ya ɓalla maka goro.

Wata uku na farko ban taɓa bututu ba. Aikina neman kwalba. Ranar kasuwar Gagarawa in hau keken Kawu da buhu biyu a baya, ranar ta Sule Tankarkar ma haka, in bi gida-gida ina sallama, tsofaffi su fito da fasassun da suka tara, in ba su tsakiya biyu ko uku su ɗaura wa jikoki. Yashin hanyar nan ya sha cinye mini taya, in sauka in tura, buhu na kuka a bayana. In na dawo in wanke su da toka, in ware kore gefe, fari gefe, mai ruwan ƙasa gefe. Shuɗi ne sarki, ba a samunsa sai a kwalbar wani magani, kuma duk ranar da na zo da shi Baba har waƙar yarensu yake yi. Ya koya mini in ɗaga guntu in ƙyasta masa farce in saurara. Wani ya ce tin, ya daɗe yana amo. Wani ya ce tak, ya mutu nan take. "Launi yana ƙarya," in ji shi, "murya ba ta yi. Biyu in muryarsu ta bambanta, ko ka narka su tare, da sun huce za su rabu." Na ƙi yarda, na haɗa kore da ruwan ƙasa a ɓoye na yi ƙarau ɗaya, ya fito da kyau kamar bayan maciji. Na kai wa Inna in burge ta. Tana riƙe da shi ya ce ƙas, ya rabu biyu a tafinta. Baba dai ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfa yana taunar goro.

Daga nan ya zaunar da ni gaban fitila. Wata fitilar kananzir ce mai kaurin lagwani, da ɗan siririn bututu da ke huro mata iska daga ƙaramin zuga-zugin ƙafa, har harshen wutar ya kwanta ya yi tsini ya koma shuɗi. A nan ake aikin tsakiya. Za ka shafa wa tsinken ƙarfe farar ƙasa don kada gilashi ya kama shi, ka riƙe shi da hagu, ka riƙe sandar gilashi da dama, ƙafa na danna iska, ka bar bakin sandar ya yi laushi ka naɗa shi a kan tsinken kana juyawa. Abu uku a lokaci ɗaya, ni kuwa in hannu ya tuna ƙafa ta manta. In ka kusantar da gilashi ga wuta da gaggawa ya tarwatse a fuskarka. In ka daina juyawa ya zubo kamar majina. Tsakiyoyina na farko wasu kamar kashin awaki, wasu kamar haƙorin tsoho. Inna ta zura su a zare ta rataya wa akuyarta, ta ce ai ita ba ta da zaɓi.

Akwai wata tukunyar toka mai ɗumi kusa da murhu, duk abin da aka gama a cikinta ake binnewa ya kwana ya huce a hankali. Ni ba na iya jira. Rannan na yi wata tsakiya shuɗiya da ta fito zagaye sosai, na ajiye ta a kan dutse, jan wutar ya ɓace, ta yi kama da mai sanyi. Na sa yatsa biyu na ɗauka. Har yau tabon na nan. Na yi ihu na tsoma hannu a randa, tsakiyar kuma ta tsage saboda iska ta buge ta. Baba ya kamo hannun ya duba, ya shafa mini zuma, ya ce, "Gilashi mai zafi da mai sanyi fuskarsu ɗaya. Haka ma mutane. Ka ga ka yi hasarar yatsa, ka yi hasarar tsakiya, don kawai ka ƙi barin toka ta yi aikinta."

Ranar da ya miƙo mini bututu kuwa, sai da ya riƙe shi ta ɗaya gefen ya sa na maimaita sau uku: ana hurawa, ba a zuƙa. Ya ce ya ga wanda ya zuƙa sau ɗaya, bai ƙara magana da murya ba. Na ɗebo narkakken gilashi, ya yi mini nauyi a bakin bututu kamar mai rai, yana neman ƙasa ta duk inda na tsaya. Na hura da ƙarfina duka kamar mai busa balan-balan, ya kumbura ya yi sirara ya fashe, ɓawonsa ya tashi a iska. "Wa ya aike ka yaƙi?" in ji Baba. "Kamar kana hura wa jariri koko. Hura, ka toshe da yatsa, zafin ne zai ƙarasa maka." Na yi ta yi. Wasu su fito da ciki gefe guda, wasu da gindi mai tsini ba sa zama. Sai da rani ya zagayo sannan na yi wadda ya ɗaga ya duba a hasken ƙofa ya juya, ya juya, ya sa ta cikin toka tare da nasa bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mini duk yabon da na taɓa samu a makaranta.

Labari ya kai Gumel. Abokaina suka sa mini maƙerin kwalba. Mahaifiyata ta aiko cewa wa zai ba ni 'yarsa ina warin hayaƙi. Wata Alhamis sai ga mahaifina da kansa, da babbar rigarsa fara, ya yi sallama a bakin rumfa. Na tashi na tarye shi. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarmar da toka ta ɓata, suka gaisa da Baba gaisuwar manya, ya zauna har la'asar yana kallo. Na hura kwalba biyu a gabansa, ɗaya ta lalace. Da na raka shi tasha ya ce, "Alƙalami ma sana'a ce, ba ta fi wannan ba. Ban hana ka ba. Abin da ba na so shi ne a ce ɗana ya ɗauki abu ya yar a hanya. In za ka bari, ka je ka faɗa wa mutumin nan da bakinka." Na ce ba zan bari ba. A lokacin da gaske nake.

A cikin shekara ta biyu ƙirjin Baba ya fara ba shi matsala. Da ma yana tari, amma yanzu in ya fara sai ya dafa ƙasa. Wata rana ya ɗebo gilashi ya kai baki ya hura, abin bai motsa ba. Ya sake, tari ya sarƙe shi, gilashin ya zubo ya faɗi cikin toka. Inna ta tsayar da zuga-zugi. Rumfar ta yi tsit, har muna jin cinikin raƙuma daga can kara. Ya ɗora bututun a cinyarsa, sannan ya ce, "Zo nan, ɗana. Daga yau hannu nawa, iska taka." Haka muka koma aiki. Shi ya ɗebo ya juya, ni in tsuguna a ƙarshen bututu, ya ce hura in hura, ya ce isa in tsaya. Bayan 'yan makonni ma ya daina faɗa; daga motsin kafaɗarsa nake ganewa. Ban taɓa kusantar wani mutum kamar haka ba, ko kafin nan ko bayan nan.

A wannan lokacin ne ya gaya mini abin da ya zaunar da shi a Maigatari. Ya ce narka kwalbar Turawa aro ne, kowa zai iya koya. Aikin gado shi ne a yi gilashi daga babu, daga yashi da kanwa, a haƙa rami a gina masa murhu, a zuga wuta kwana da kwanaki ba ta mutu ba, har ƙasa ta narke ta zama baƙin gilashi mai sheƙi wanda in ka ɗaga shi a rana za ka ga ashe ba baƙi ba ne. Kanwar da ayari ke saukewa a nan ce ta tsayar da shi tun farko. Sau biyu kawai ya yi a rayuwarsa, don aikin yana son majiya ƙarfi da za su riƙa karɓar juna. "Ko a gida waɗanda suka iya sun ƙare," in ji shi. "Ba a faɗarsa da baki, sai an tsaya a kan wuta an ga launinta. Ina so in nuna maka tun ina iya tsayuwa." Muka sa lokaci, bayan an gama girbi. Na haƙa ramin da hannuna. Na yi sawu shida zuwa wani kwari a gabashin Sule Tankarkar ina ɗebo farin yashin da ya zaɓa. Muka sari itacen kirya da na marke muka jibge a bayan rumfa ya bushe. Kullum da safe sai ya je ya ɗaga guda ya ji nauyinsa ya ce saura kaɗan.

Ana nan takarda ta zo. An ɗauke ni aiki a ofis a Gumel, in bayyana ranar Litinin. Na kai masa, na karanta masa. Ya ce madalla, ya sa mini albarka, ya tambaya yaushe zan dawo. Na ce Alhamis mai zuwa zan nemi izini, in ba a ba ni ba ranar hutu ina nan tafe. Inna ta dube ni ta gefen ido.

Aka ba ni tebur da kujera da masinja mai ce mini ranka ya daɗe. Na ɗinka riguna. Abokan aikina samari ne 'yan birni masu agogo da gogaggen wando, hirarsu ta babur ce da fim ɗin da za a nuna. Na riƙa ɓoye yatsuna masu tabo a ƙarƙashin takarda. Alhamis ta zo ta wuce. Na ce sabon ma'aikaci ba ya neman izini. Ranar hutu ta zo, aka gayyace ni ɗaurin aure. Wata ta zo, na ce na gaji. Maigatari ba nisa gare ta ba. A keke na sha zuwa in dawo a yini ɗaya. Ban je ba, ban aika ba.

Wajen mako na bakwai, muna zaune a barandar ofis ana hira kafin azahar, sai na hango shi ya shigo ta ƙofar harabar yana tambayar mai gadi. Ya sa rigarsa ta Juma'a, amma ita ma wuta ta taɓa ta a hannu. Ya rame. Yana tafiya yana tsayawa ya huta. Ya hango ni, fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannu. Ɗaya daga cikin abokan aikina, wanda ya fi kowa baki, ya ce, "Kai, wannan tsohon kai yake wa murmushi. Ubanka ne na Maigatari da ake faɗa? Maƙerin kwalba?" Aka fashe da dariya. Baba ya riga ya iso gindin matakala. Ni kuwa na ji bakina yana cewa, da murya sosai, "Haba, wani Banufe ne da nakan sayi tsakiya a wurinsa."

Ya ji. Na ga lokacin da ya ji. Hannun da ya ɗaga ya sauko a hankali ya kama gefen riga. Na sauko na gaishe shi a tsaye, ban rusuna ba, ban ce a ba shi kujera ba, ban ce a kawo ruwa ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne. Na zo ne in ce maka itacen ya bushe."

Na ce, "To, Baba, aiki ya yi yawa yanzu. Zan duba."

"Allah ya taimaka," in ji shi. "Allah ya ƙara girma." Ya juya. A bakin ƙofa tari ya kama shi, ya dafa ginshiƙi har ya lafa, mai gadi ya miƙa masa ruwa a gwangwani. Ina tsaye ina gani. Taku ashirin ne tsakaninmu. Na koma baranda na zauna, aka ci gaba da hirar babur.

Gumel ba ta ɓoye magana. Kafin magariba mai gadin ya gaya wa wani, wani ya gaya wa mahaifina. Da aka kawo tuwo bai ce in matso ba kamar yadda ya saba. Ya ci nasa ya wanke hannu, sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Mutumin da na tuɓe takalmi na zauna a tabarmarsa, shi ka ji kunya? Gobe ka tafi ka ba shi haƙuri." Na ce to. Amma kunyar farko ta haifi ta biyu, wadda ta fi ta nauyi. Da wace fuska zan shiga rumfar? Na ce bari abin ya huce tukuna. Na ce bari a yi albashi in tafi da tsaraba. Aka tura ni kwas na wata uku. Na dawo damina ta sauka. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ni nawa barin bai kawo rabon kowa ba.

Sai da aka fara yankan gero sannan na hau mota na tafi, da turmin atamfa da ƙwaryar goro. Bayan 'yan kanwa na tarar da zana ta faɗi, murhu ya rushe, ciyawa ta fito a cikin ramin da na haƙa. Itacen babu. Kawu ya ce ai sun tashi tun kafin ruwa, sun koma wurin dangin matar a Sule Tankarkar, kuma tsohon ya rasu da azumi. Ya ce ya zaci na sani.

Na same ta a wani ɗan gida a ƙarshen gari, tana zaune a inuwar ɗaki tana tsintar wake. Ta sa hannu a goshi ta dube ni, sai ta ce, "Lale, lale, ɗan lakwal! Ka yi ƙiba." Ta shimfiɗa mini tabarma. Na yi mata gaisuwa, muka yi masa addu'a. Na tambaye ta itacen.

Ta ce, "Ya kunna. Na ce masa kada, ya ƙi. Ni da shi muka yi ta karɓar juna, kwana biyu da yini. A na uku hannuna ya ƙi ɗaguwa, shi kuma jini ya fara zuwa a tarinsa. Wuta ta mutu. Da ta huce ya haƙo abin, wani dunƙule ne kamar ƙonannen tuwo, rabi yashi rabi gilashi. Ya juya shi ya ce saura yini ɗaya. Daga nan bai ƙara kunna murhu ba."

Na buɗe baki in faɗa mata abin da ya kawo ni. Na shirya maganar tun a mota. Sai ta riga ni.

"Amma ka faranta masa ranar da ya je Gumel, Allah ya yi maka albarka. Ya dawo yana ta ba ni labari. Ya ce ka taso da gudu ka tarye shi, ka zaunar da shi a kan kujerarka, ka tara abokan aikinka ka ce musu ga ubana wanda ya koya mini sana'a. Ya ce har lemo ka sa aka kawo masa. Na ce to me ya hana shi zuwa? Ya ce ke ba ki san aikin gwamnati ba, yaron nan ko numfashi ba ya samu, kada ki kuskura ki aika masa. Har ya kwanta ciwo duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin kujerar nan."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta damo mini fura da nono mai yawa, ta ajiye a gabana, ta koma kan wakenta tana kallona da murmushi, tana jira in sha.

Na yi shekaru ina auna wannan zaman. Wani lokaci in ce shirun da na yi tausayi ne, don in na faɗa na ƙwace mata abin da ya bar mata, na kuma mai da shi maƙaryaci a bayan ransa. Wani lokaci in ce tsoro ne kawai, irin na baranda, ya sauya riga. Na ci gaba da zuwa gaishe ta duk sallah har Allah ya karɓi abarsa, kuma duk zuwa sai ta gabatar da ni ga maƙwabta da cewa ga ɗan da ya zaunar da maigidanta a kan kujera. Ban taɓa gyara mata ba. Na yi aikin ofis har na tsufa, na sa hannu a takardun da ban san adadinsu ba, kuma babu ko ɗaya da zan iya tuna abin da ke cikinta.

A ranar dai na ɗauki ludayi. Furar ta yi daɗi, ta sa mata kayan yaji yadda nake so. Ta ce in shanye, hanya da nisa. Na shanye.